Darasi na 11: Kuɗin Sa Hoto da Takarda a Firam, da Hanyoyin da Suka Fi Sauƙi

Tsawon lokaci: awa ɗaya da rabi, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan da za a tanada: kwalin taliya ko na sabulu guda 3, almakashi, sabuwar reza, farin gam na kafinta, ƙyallen atamfa, farar leda mai kauri, zare mai ƙarfi, maɓalli 2, biro, takardar A4 ɗaya, da 'ya'yan tsamiya ko tsakuwa don ƙirga.

Abin da ake so a ƙarshen darasi:
1. Kowace mamba ta san abin da ke sa firam ɗin oda tsada.
2. Ta iya lissafin ainihin kuɗin da abu ya ci, har da na mota da na yinin da ya tafi.
3. Ta san takardar da za a rataye a bango da wadda ba za a rataye ba.
4. Ta iya haɗa firam da hannunta.

Gabatarwa

Darasin yau a kan ƙaramin abu yake, amma irin ƙananan abubuwan nan ne ke cinye kuɗin zubi ba a sani ba. Kusan kowane ɗaki akwai abin da mai shi take so ta gani a bango: hoton Ka'aba, rubutun zayyana na yaron da ya yi sauka, takardar gama firamare, hoton biki, ko takardar rajistar ƙungiyarmu. Akwai gidajen da ba a rataye hoton mutum, sai rubutu ko takarda. Kowane gida da tsarinsa, kuma darasin ya shafi kowa.

Matsalar biyu ce. Idan aka bar takarda haka nan, gara da danshi da ɓera da hannun yara za su gama da ita. Idan kuma aka ɗauke ta aka kai birni aka ce a yi mata firam daidai ita, sai a dawo da kuɗin zubin wata biyu ko uku sun tafi. Yau za mu duba abin da ke tsakanin waɗannan biyun.

Mai gudanarwa ta tambaya: Wa ta taɓa kai hoto ko takarda aka sa mata a firam? Nawa ta biya? Sau nawa ta je? Wa kuma ta taɓa rasa wata takarda mai muhimmanci saboda ruwa ko gara? A bar mutum uku ko huɗu su yi magana, kada a katse su.

Kashi na ɗaya: Me ya sa firam ɗin oda ke da tsada?

Firam iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda aka riga aka haɗa, yana rataye a shago, girmansa sananne. Akwai kuma na oda, wanda za a auna kayanki a yanka katako da gilashi daidai da shi. Na biyun ne mai tsada, ga dalilai:

Na farko, asarar yanka. Gilashi yana zuwa ne a babban falle, sandar gefen firam kuma doguwa take zuwa. Idan mai firam ya yanka daidai awonki, guntun da ya rage sau da yawa ba ya yi wa wani aiki. Kuɗin guntun nan a kanki zai faɗa.

Na biyu, aikin hannu. Kusurwa huɗu ce, kowace sai an yanka ta a karkace ta haɗu da 'yar uwarta ba giɓi. Wanda ke haɗa ɗari iri ɗaya awo ɗaya yake yi. Wanda ke haɗa naki ke kaɗai sai ya zauna ya auna, ya yanka, ya gwada.

Na uku, kayan aikin. Yawancin sandunan nan masu ruwan gwal da ƙyalli daga waje ake shigo da su, don haka in dala ta tashi su ma sun tashi. Ga kuɗin hayar shago, ga man janareta.

Na huɗu, girma. A nan ne mutane ke mamaki. Hoto mai inci 8 da 10, idan kika ce a ninka shi ya zama 16 da 20, sandar gefe ninki biyu za ta ci, amma gilashi ninki huɗu zai ci. Ku gwada: ku ajiye takarda ɗaya a tabarma, ku ninka tsawonta da faɗinta, za ku ga sai takarda huɗu ne ke cike wurin. Shi ya sa babban firam ba ya tsayawa a ninki biyun kuɗin ƙarami.

Ba wai mai firam yana cutar mutane ba ne, sana'arsa ce kuma akwai wahala a ciki. Abin tambaya shi ne: wannan kayan nawa yana buƙatar irin wannan aikin kuwa?

Kashi na biyu: Kuɗin da ba a gani

Kuɗaɗen da ke nan na misali ne don koyon lissafi. Sakatariya ta goge su ta sa farashin kasuwarku na wannan makon.

Mu ɗauka wata mata mai sana'ar ƙuli-ƙuli tana so ta sa takardar makarantar 'yarta a firam ɗin oda a birni.

Kuɗin firam: N6,000
Mota zuwa da dawowa ranar kaiwa: N1,500
Mota zuwa da dawowa ranar karɓowa: N1,500
Abinci da ruwa a hanya: N500
Ribar ƙuli-ƙuli ta yini biyu da ba ta yi aiki ba: N2,000
Jimilla: N11,500

In an tambaye ta nawa ta yi firam, za ta ce dubu shida. Gaskiyar lissafi kuwa dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar ne. Idan hannun jari ɗaya a ƙungiyarku N500 ne, wannan hannu 23 ke nan. A ƙirga 'ya'yan tsamiya 23 a tsakiyar tabarma kowa ta gani. Mai zuba hannu biyu a mako sai ta yi kusan mako 12 kafin ta tara su.

To, in kuma rance ta ɗauka a akwati fa? A ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin hidima, in aka ce kashi 10 cikin 100 ne a wata, N11,500 na wata uku zai ƙara N3,450. Abin ya kai N14,950, a kan abin da ba zai dawo da ko kwabo ba. Ko a ƙungiyar da ba ta karɓar ƙari, uwar kuɗin tana nan tana jira. Ƙa'idarmu ba ta canza ba: rance na abin da zai haifi kuɗi ne, ko na lalura. Kayan ado kuwa a jira ranar rabo, ko a cire daga ribar sana'a. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kashi na uku: Ba kowace takarda ce ta bango ba

Kafin maganar araha, ga abin da ya fi kuɗi muhimmanci. A raba kayan gida uku.

Rukuni na ɗaya, takardun asali: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar gama firamare, sakamakon WAEC ko NECO, takardar NIN, takardar fili ko gona, takardar rajistar ƙungiya. Waɗannan ba a rataye su. Hasken rana yana kashe tawada a hankali, hayaƙi yana sa takarda ta yi ja, ɗigar rufi ɗaya a damina ta isa ta ɓata hatimi. Sake samun wata kuwa sai an sha zirga-zirga da rantsuwa a kotu da kashe kuɗi, wata ma ba ta sake samuwa. Abin yi shi ne a yi fotokwafi mai kala, shi za a sa a firam. Ta asali a sa ta a leda, a shimfiɗe ba a naɗe ba, a cikin akwatin ƙarfe ko gwangwani mai murfi, a ɗora kan wani abu kada ya taɓa ƙasa.

Maganar laminetin, wato liƙe takarda a cikin leda da na'ura mai zafi: yana da kyau ga fotokwafi, amma kada a yi wa takardar asali. In ledar ta kama ta kama ke nan, ba a cire ta sai da ɓarna, kuma akwai ofisoshin da ke son su taɓa hatimi su duba takardar da hannu. Rasit ɗin POS kuwa, zafin na'urar yana mayar da shi baƙi ƙirin. Ko an ajiye shi haka nan rubutunsa gogewa yake yi, don haka in na wani ciniki ne babba a yi masa fotokwafi tun yana sabo.

Rukuni na biyu, abin da ba shi da na biyu: hoton mahaifi ko mahaifiya da suka rasu, zayyanar da aka rubuta da hannu. Waɗannan kada gam ya taɓa su, kada salatif ya taɓa su. A ɗauki hotonsu da waya mai kyau a ajiye, mai hoto zai iya wanko wani daga ciki. Idan akwai abin da ya cancanci a tara kuɗi a yi masa firam mai gilashi, to wannan rukunin ne.

Rukuni na uku, kayan ado da na karatun yara: kalanda, taswira, hoton Sallah, zanen yara, wasan haɗa hoto. Waɗannan duk hanyar da ta fi sauƙi ita ce daidai.

Kashi na huɗu: Hanyoyi shida masu sauƙi

1. Firam ɗin da aka riga aka haɗa. Dabarar ita ce a juya tsarin: a fara neman firam, sannan a wanko hoto daidai da shi. Girman da aka fi samu su ne inci 5 da 7, inci 8 da 10, da na A4, wanda faɗinsa santimita 21 ne, tsawonsa 29.7. In za a aika kasuwa, a yanka zare biyu, ɗaya tsawon kayan, ɗaya faɗinsa, a ba ɗan aike. In firam ya ɗan fi kayan girma ba laifi, a shimfiɗa takarda mai kala ko yadi marar zane a baya, sai ya zama kamar da gangan aka yi masa baki. A misalinmu, firam na N2,500 da tukwicin N200 ga wadda dama za ta je kasuwa ya tashi N2,700. An rage N8,800.

2. Tsohon firam. Na tsohuwar kalanda, na madubin da ya fashe, na agogon bango da ya mutu. A goge, a shafa ɗan fenti in akwai. In gilashi ake nema, a je wurin masu haɗa tagar alminiyam a tambayi ragowar yanka. Guntun da ya yi musu ƙanƙanta ya ishi hoto, kuma kuɗinsa bai kai na sabon yanka ba. A ce su goge bakinsa kada ya yanki hannu.

3. Kafintan gari, da odar ƙungiya. Mutum ɗaya in ta je da firam ɗaya, farashin ɗaya za a ba ta. Mata goma in suka amince da awo ɗaya, kafinta zai auna sau ɗaya ya yanka goma, sai farashi ya sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Kwali da atamfa. Za mu haɗa shi tare a kashi na biyar.

5. Kara, gwangwala ko kaba. Ga taswira, kalanda da duk babbar takarda: a tsaga busasshen kara ko gwangwala biyu, a matse bakin takardar na sama a tsakani a ɗaure, a yi haka a ƙasa, a sa zare a rataye. Masu saƙar faifai da tabarma za su iya saƙa wa kwali baki da kaba mai rini. A tabbata karan ya bushe sarai kuma ba ƙwaro a ciki.

6. Ba firam gaba ɗaya. Fayil mai aljihunan leda guda ɗaya zai ɗauki takardun gida duka. Ba dole ne komai ya hau bango ba.

Ana cewa araha ba ta ado. Gaskiya ne in an yi aikin gaggawa. Amma kwalin da aka yanka a miƙe, aka lulluɓe da ƙyalle mai kyau, baƙo sai ya taɓa kafin ya gane kwali ne.

Kashi na biyar: Mu haɗa firam na kwali

A kasu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar. Reza a hannun babba ɗaya kawai, yara su matsa.

Mataki na 1. A ɗora takardar A4 a kan kwali, a zagaye ta da biro. A ƙara faɗin yatsu biyu a kowane gefe, a ja layi, a yanka. Ga mai abin awo, santimita 27 da 36 ke nan. A yanka guda uku masu girma ɗaya.

Mataki na 2. Biyu daga ciki su ne baya. In kika duba bakin kwali za ki ga ramuka a jere. A yanka ɗaya ramukansa na tafiya a tsaye, ɗaya a kwance. In aka manna su haka ba ya lanƙwashewa.

Mataki na 3. Kafin a manna, a huda ɗaya daga cikinsu wuri biyu daga sama, a zura zare, a ɗaure kowane baki a jikin maɓalli ta ciki. Maɓallin ne zai hana zare yaga kwali. Sannan a shafa gam a haɗa biyun.

Mataki na 4. Na uku shi ne fuska. A zana takardar a tsakiyarsa, a shigo ciki da faɗin ƙaramin yatsa a kowane gefe, a yanke tagar. Dole taga ta ɗan fi takarda ƙanƙanta don ta riƙe bakinta.

Mataki na 5. A goge ƙyalle, a shimfiɗa, a kifa fuskar a kai. A tsaga tsakiyar ƙyallen daga kusurwa zuwa kusurwa, a ja kowane gefe ta baya a manna. Gam kaɗan, in ya yi yawa yana fitowa ta gaba.

Mataki na 6. A yanka leda ta ɗan fi taga girma, a ja ta sosai a manna ta bayan fuskar.

Mataki na 7. A haɗa fuska da baya, amma gefe uku kawai za a shafa wa gam. A bar sama a buɗe kamar aljihu. Ta nan takarda za ta shiga ta fita, gam bai taɓa ta ba.

Mataki na 8. A danne da abu mai nauyi ya kwana. Sai gobe a zura takardar.

Kada a yi amfani da koko ko kunun sitaci a madadin gam. Yana kamawa, amma abinci ne, kyankyaso da gara za su biyo shi. In ba gam, ƙaro da aka jiƙa ya fi.

Kashi na shida: Wasan haɗa hoto

Wannan shi ne hoton da aka yayyanka gunduwa-gunduwa, yaro ya zauna ya haɗa. Asalinsa kayan koyarwa ne: a shekarun 1760 wani mai zana taswira a Landan, John Spilsbury, ya manna taswira a kan katako ya yanka ta bisa iyakokin ƙasashe don yara su koya. Yanzu ana samunsa a shagunan kayan yara da wasu makarantu, na baƙaƙe, na lambobi, na dabbobi. Mu ma za mu iya yin namu: a manna taswirar Nijeriya a kwali, a yanka jihohi 36 da Abuja, yaro ya nemo jiharsa da maƙwabtanta.

In yara sun gama haɗa shi sai su ce a rataye. To a nan a tsaya a yi tunani, domin in aka manna shi ya daina zama wasa. In akwai ƙanne a baya, a bar shi a sake. A yi masa faranti na kwali mai ɗan baki a zagaye, a ajiye gunduwoyin a leda mai ɗauri, a rubuta adadinsu a jiki don a riƙa ƙirgawa bayan wasa.

In kuwa an gama da shi, ga yadda za a yi ba tare da zuwa wurin mai firam ba. Ku sani, irin mai gunduwa 1,000 yakan kai kusan santimita 50 da 70, ya fi takardar A4 biyar girma, kuma ba kasafai ake samun firam ɗin shago daidai da shi ba. Gilashi mai wannan girma ga tsada, ga nauyi, ga haɗari a ɗakin da yara ke kwana.

A zura leda a ƙarƙashinsa. A danna ko'ina da kwalba ya kwanta. A dama farin gam kashi uku da ruwa kashi ɗaya, a zuba kaɗan a tsakiya, a baza da guntun kwali har ya shiga tsakanin gunduwoyin. Zai yi fari, kada a tsorata, in ya bushe garau yake komawa. Ruwa in ya yi yawa yana kumbura kwalin, don haka shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. A bar shi yini guda a inuwa, inda ƙura ba ta kaiwa. Sannan a manna shi a kan filawud marar kauri ko kwali ninki biyu, a danne ya kwana, a zagaye bakin da ƙyalle ko kaba. Gam ɗin saman nan ya isa kariya, ana iya goge ƙura da busasshen tsumma.

Kashi na bakwai: Inda za a rataye

Kada ya fuskanci taga ko ƙofar da rana ke shigowa.
Kada a sa a bangon da ruwa ke duka. A wajenmu hadari daga gabas ya fi tasowa, kowa ta san bangon ɗakinta da ke jiƙa.
Kada a sa kusa da murhu ko inda ake turare kullum.
Mai gilashi kada ya zauna saman gadon da yara ke kwana.
A bangon ƙasa a sa doguwar ƙusa ko turken icce, a karkata shi sama.
A manna murfin kwalba biyu a bayan firam daga ƙasa, don iska ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango.
Da damina a sauke shi sau ɗaya a wata a duba bayansa saboda gara. Da hunturu a rufe bakin aljihun da takarda saboda ƙura.
In hoto ya manne da gilashi saboda danshi, kada a ɓamɓare, fuskar za ta biyo gilashin. A ɗauki hotonsa da waya a yadda yake, a wanko wani.
Abin da ke da ayar Alƙur'ani a ɗaga shi sama, inda ba zai faɗo a taka ba.

Kashi na takwas: Zai iya zama sana'a?

Zai iya, amma sai da lissafi. Fallen filawud ƙafa 4 da ƙafa 8 ne. In aka yanka shi santimita 25 da 34, wato A4 da ɗan baki, ana samun guda 28. Ga misali:

Filawud marar kauri: N9,000
Ladan yanka: N2,000
Leda yadi 4: N4,800
Gam: N2,500
Ƙusa da zare: N1,000
Ƙyallaye daga wurin tela: N1,600
Mota: N1,500
Jimilla: N22,400

A raba 28, kowane ya tashi N800. Mu ce uku sun lalace wurin koyo, an sayar da 25 a kan N1,500, an sami N37,500. A cire N22,400, saura N15,100. A cire ladan masu aiki, N200 kan kowane ɗaya cikin 28, wato N5,600. Ribar gaskiya N9,500.

Amma ku lura, firam ba ƙuli-ƙuli ba ne da ake saye kullum. Gida ɗaya in ya sayi biyu zai iya shekara bai sake nema ba. Kasuwarsa lokaci gare ta: saukar Alƙur'ani, ƙarshen shekarar makaranta, biki, Sallah, dawowar alhazai. In 10 kawai aka sayar, N15,000 aka samu, ko uwar kuɗi ba ta fito ba. Don haka kada a fara da fallen filawud. A fara da biyar na kwali, a nuna a gidan biki da makarantar Islamiyya, a ji abin da mutane za su iya biya. Wadda ta ce tana so ta ba da kafin alƙalami. Sai oda ta kai 15, wadda a misalinmu ita ce ke mayar da uwar kuɗi, sannan a yi maganar rance.

Gwajin ciniki

Mutum biyu su fito, ɗaya mai saye, ɗaya mai firam.

Mai saye: Salamu alaikum, Malam, barka da kasuwa. Wannan takardar nawa za ka sa min a firam?
Mai firam: Sannu da zuwa, Hajiya. In yanka miki daidai ita, mai ruwan gwal, dubu shida.
Mai saye: Cikin waɗanda ke rataye babu wanda za ta shiga?
Mai firam: Akwai, sai dai ya ɗan fi ta.
Mai saye: Ba komai, zan sa mata yadi a baya. Nawa ne shi? In kuma mu goma ne muke so iri ɗaya, nawa za ka bar mana?

Sauran mambobi su faɗi tambayar da ta manta. Misali: da gilashi ne ko leda? Yau za a karɓa ko sai an dawo? In ya fashe kafin a karɓa, asarar wa?

Tambayoyin tattaunawa

1. A misalin mai ƙuli-ƙuli, wane kuɗi ne ba ta ƙirga ba? Wane abu kuma muke saye a birni da irin wannan ɓoyayyen kuɗin?
2. Waɗanne takardu ne a gidanki ba za a rataye ba? Ina suke yanzu?
3. Mamba ta nemi rance don firam ɗin hoton bikin 'yarta. Wace shawara ƙungiya za ta ba ta ba tare da an kunyata ta ba?
4. Takardar rajistar ƙungiyarmu da littafin tsarin mulkinmu, a hannun wa suke, kuma akwai kwafinsu?

Aikin gida

Kowace mamba ta tattaro takardun gidanta ta raba su rukuni uku kamar yadda muka yi. Masu zuwa kasuwa mutum biyu su tambayo farashin firam na A4, na fotokwafi mai kala, na gam da na leda, a wuri biyu mabambanta. Shugaba da sakatariya su yi wa takardar rajistar ƙungiya kwafi biyu, ɗaya a sa a firam ɗin da muka haɗa yau, ɗaya a hannun ma'aji, ta asali kuma a leda a cikin akwati.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, kowace rukuni ta zo da firam ɗinta ya bushe, za mu sa farashin kasuwarmu a lissafin nan mu ga abin da ya fito.